Kindirmo a Murfin Mai

Ku matasan da kuke zuwa bakin warshata a Sharafiyya da yamma, kuna zaune kan tsofaffin tayoyi kuna shanye mini shahi, na ji abin da kuke faɗa. Wai gyaran babur ba wani aiki ba ne: sifana a hannun dama, waya a hannun hagu, ka kalli inda ake kwancewa ka kwance, shi ke nan. Ban ce kun yi ƙarya gaba ɗaya ba. Kwance noti kam ko biri aka miƙa wa sifana zai kwance. Abin da wayar ba ta nuna muku shi ne notin da bai kamata a taɓa ba, da maganar da bai kamata ta fito daga bakin makanike ba. Tunda in ina magana idanunku suna kan waya, na ce bari in rubuta, wataƙila ta can ɗin ta iske ku.

Na zo Jidda ina saurayi daga Katsina, da ɗan abin da na iya na facin taya da wankin kafireto, ina ji da kaina. Wanda ya sauke mini wannan girman kai shi ne Mu'allim Bakur, Bahaushe haifaffen unguwar Ruwais, wanda kakansa ya zo aikin Hajji da ƙafa bai koma ba. Hausarsa rabi ce, rabin Larabci, amma zaginsa a kowane harshe cikakke ne. Ranar da na fara aiki bai ba ni sifana ba. Farin tsumma ya miƙo mini, da tasar ƙarfe, da ƙaramin kofin gilashi irin na shan shahi. Na daɗe ba ni da aiki sai juye zait, wato baƙin man injin. In zuba a kofi in ɗaga shi sama in duba, in murza tsakanin yatsu, in kai hanci. Idan na yi gunaguni sai ya ce, "Mai babur yana iya yi maka ƙarya, ya walad. Zait bai iya ba." A lokacin gani nake tsufa ne kawai yake damunsa.

Aikin da ya koya mini ƙa'idar warsha na wani babur ne da wani mai sayar da kifi ya kawo. Shi ya saya wa ƙaninsa don ya riƙa kai wa mutane saƙo cikin gari, sai sarƙa ta fara kuka tun ba a je ko'ina ba. Da muka buɗe murfinta sai ga yashin bakin teku maƙil, farin nan mai laushi wanda ba a samunsa a titunan gari. Ba sai an yi duba ba, ƙanin nan shaƙatawa yake tafiya can arewa bakin ruwa. Yayan ya tambayi abin da ya cinye sarƙar. Mu'allim Bakur ya ce, "Sarƙa ta gaji, za mu sa sabuwa. Turo mini mai hawa." Da ƙanin ya zo ya ja shi bayan warsha ya wanke shi tas ba tare da sabulu ba. Bayan sun tafi ya kira ni.

"Isma', ya Sani. Makina, injin nan, ba ta rufa wa kowa asiri. Inda mutum ya je da inda bai je ba, duk suna jikinta. Kai ne za ka rufa. Ciwon babur mai hawansa ake gaya wa, ba wanda ya kawo shi ba. Kuma kada ka yi wa ko ɗayansu ƙarya."

Na ce, "To in an matsa mini fa, Mu'allim?"

Ya ce, "In an matsa maka, ka ɗora shahi."

Shekarar da ruwa ya ci gari ita ce shekararmu mafi muni. Kun san Jidda ba garin ruwan sama ba ne, amma in ya tashi zuwa a lokacin sanyi ba ya sallama. A wannan karon tituna suka zama rafi, ruwa ya shigo warsha har ƙugu, ya tafi da abin da zai iya ɗauka, sauran ya bar mana tsatsa. Makonni muka yi muna kankare sifanu da kananzir. Babura kuwa a bayan mota ake kawo su a kwance. Ka kwance notin ƙasa, ruwa ne zai fara zubowa ja da laka, daga baya zait ya biyo kamar koko. Masu gaggawa da suka yi ta buga wa injin kik yana cike da ruwa sun lanƙwasa masa ƙarfen ciki, nasu sai dai a sayar wa masu gwangwan. Mu'allim Bakur ya yini cikin ruwan nan yana ceton kaya, sanyi ya shige masa ƙirji bai fita ba. Kafin wani sanyin ya zagayo ya miƙa mini makullin warsha, ba a daɗe ba muka kai shi makwancinsa. Allah ya jiƙansa da rahama. A shekarar nan na san kamannin ruwa na gaske a cikin injin, ba zan taɓa rikita shi da wani abu ba.

Dalilin da ya sa na kawo wannan shi ne, duk lokacin sanyi sai wani ya shigo mini a firgice da murfin zait a hannu. A cikin murfin akwai wani farin abu mai kauri kamar kindirmo, ya riga ya yanke hukunci tun daga gida: gaskit ya ƙone, injin ya mutu. To, fari iri biyu ne. Akwai na ruwan da ya shiga daga waje, ko ya tsallako daga lagireto ta ƙonannen gaskit. Shi wannan zait ɗin duka yake juyawa ya koma kamar shahi da madara, ya ƙaru a ma'auni alhali ba wanda ya ƙara, ruwan lagireto yana raguwa, salansa tana fitar da farin hayaƙin da ba ya yankewa. Wannan ciwo ne, sai an buɗe.

Na biyun zufa ce kawai. Fetur in ya ƙone yana fitar da tururi, kaɗan daga ciki yana sulalewa ta gefen fistin ya gangara wurin zait. In ƙarfe yana da sanyi sai tururin ya kwanta a murfi, kamar yadda yake kwanciya a murfin tukunyar shinkafa. Sanyin Jidda ba sanyi ba ne, mutumin Jos dariya zai yi mana, amma iskar asuba da take tasowa daga teku jiƙaƙƙiya ce, ka fito ka tarar da kujerar babur kamar an juye mata buta. Babur ɗin da yake tafiya mai nisa yana yin zafi ya ƙone wannan danshi. Wanda ba ya wuce nan zuwa baƙala, kantin unguwa, a kashe shi, kullum tarawa yake yi, har ya gauraya da zait ya zama kindirmo. Maganinsa sabon zait da doguwar hanya. Wannan kowa zai iya haddacewa, kuma na san a wayarku ma akwai shi. Saura ku ji ranar da saninsa ya yi mini nauyi.

Malam Tijjani Bahaushen Sudan ne, ya ɗan girme ni. Hausarsa irin ta da ce, akwai kalmomin da tun rasuwar kakata ban ƙara jin su ba sai a bakinsa. Gidansa a Ruwais, aikinsa a wani babban sito a Madinar Masana'antu, wadda kowa yake ce wa Sina'iyya, yana tuƙa injin ɗaga kaya. Kullum sai ya yanki garin nan daga sama har ƙasa ya dawo, a kan wani tsohon babur ɗan Japan mai shan iska, wanda ba shi da lagireto ko na magani. Tun yana sabo ni nake duba shi. Na san zait ɗinsa kamar yadda na san tafin hannuna: baƙi wuluk, siriri, mai warin doguwar hanya, ga ƙurar siminti ta Sina'iyya a liƙe tsakanin haƙarƙarin injin. Ba ya aiko kowa. Ranar hutunsa yake zuwa da kansa, da ƙunshin agashe, tsiren mutanen Sudan, mu ci muna gardamar ko nasu ya kai namu. Bai taɓa yarda ba, ni ma ban taɓa yarda ba.

Wata Asabar da hantsi, sanyi ya yi nisa, sai ga babur ɗin ya tsaya a ƙofa, amma ba shi ne a kai ba. Babban ɗansa ne, Yasir, magidanci da gemunsa, yana aiki a wani shagon waya nan Sharafiyya. A nan aka haife shi, yana jin Hausa sarai amma tana yi masa nauyi a baki. Ya sauko ya kwance murfin zait ya miƙo mini.

"Ammu Sani, shuf. Na zo in ƙara masa zait da safe, na ga wannan. Gaskit ne, sah? Ka buɗe makina duka, komai a wuyana. Yau hutunsa ne, Abuya yana barci na ɗauko, ba na so ya sani sai an gama. Kullum yana hanyar Sina'iyya tsakanin manyan motoci, ina tsoro dabbab ɗin nan ya mutu masa a tsakiyar titi."

Na ce, "Allah ya yi maka albarka. Amma kafin mu buɗe, nuna mini inda ake zuba wa babur ɗin nan ruwa."

Ya zagaya shi ya leƙa nan ya leƙa can, sai ya fashe da dariya. "Wallahi ma fi, babu. To daga ina ruwan?"

Ni ma dariyar na yi, don ban kawo komai a raina ba. Na ɗauka ko ya bi ta cikin ruwan da aka ɗan yi kwanakin baya. Na jawo tasa na kwance notin ƙasa, na tari zait a kofin gilashi na ɗaga. Ba ruwa a ƙasan kofin, launinsa bai juya ba, sai dai ya yi duhu-duhu mai nauyi yana warin ɗanyen fetur. Na ɗora faranti a kan rishon shahi ya yi zafi, na ɗiga zait ɗin, ya ɗan yi tsit-tsit ya yi shiru. Na lakato kindirmon murfi na ɗiga, ya hau tas-tas kamar an jefa ɗanyen kifi a mai. Na buɗe matatar iska, a bushe take, ba laka ba alamar ruwa. Na zare filogi, ya yi baƙi ƙirin da kunkunniya, irin na babur ɗin da ba ya wuce giya ta biyu. Bakin salansa yana ɗigar ruwan tsatsa. Sai na durƙusa na sa yatsa tsakanin haƙarƙarin injin ina neman ƙurar simintin nan da na saba gani. Babu ita, sai tsohuwa da ta daskare a can ciki.

Na miƙe ina goge hannu, na tambaye shi kamar hira.

"Malam dai yana zuwa aiki lafiya?"

"Kullum, alhamdulillah. Bayan asuba ya fita, Ummi ta ba shi abincinsa a kula, bayan la'asar ya dawo. Ko mura ba ta hana shi."

Babur ɗin da yake gabana rabonsa da Sina'iyya tun kafin sanyi ya shigo. Ba zato nake yi ba, a rubuce yake a jikinsa. Mutum yana fita daga gida da kular abinci kowace safiya, yana tafiyar da ba ta isa ta ɗumama ƙarfe ba, yana kashe injin, yana dawowa da yamma a matsayin wanda ya yini a wurin aiki. Inda yake zuwa ban sani ba, dalili ma ban sani ba. Abin da na sani, ɗansa yana tsaye yana kallon bakina, kuma jimla ɗaya ta isa ta tsiraita dattijon nan a gaban iyalinsa.

"To mene ne, Ammu?"

Na ɗora shahi. Na wanke kofuna a hankali kamar wanda ba shi da wani aiki a duniya.

Na ce, "Ba gaskit ba ne, ba kuma sai an buɗe injin ba. Wannan ka kwantar da hankalinka. Sauran bayanin na mai hawa ne."

"Ni ɗansa ne, ya Ammu."

"Na sani, a gabana ka girma. Ƙa'idar warsha ce, na gaje ta, ba zan karya ta yau ba. Ka ce wa Malam ina nemansa."

Ransa bai so ba. Ya yi 'yan maganganu da Larabci ƙasa-ƙasa waɗanda na yi kamar ban ji ba, ya bar shahin bai sha ba, ya tafi.

Bayan azahar Malam Tijjani ya iso, ba ƙunshin agashe a hannunsa. Da ba don abin da na gani da safe ba, da ban lura da yadda ya shigo ba. Ya tsaya a bakin ƙofa ya daɗe, ya dafa ƙarfen ƙofar, ya turo ƙafa yana lalube har ya taɓa tiyon iska da yake kwance a ƙasa, sannan ya tsallake. Ya yi sallama yana fuskantar inda ya ji motsina. Na kawo masa kujera na sa masa murfin a hannu. Ya sa yatsa ciki, ya kawo yatsan daf da idonsa yana juya kai yana neman inda zai gan shi.

"Mu'allim, me ka gaya wa yaron?"

"Na ce masa ba gaskit ba ne."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Malam."

Can ya ce, "Ashe ƙarfe ma yana da baki."

Ban tambaye shi ba, shi ya faɗa. Tun bara ganinsa ya fara tsukewa daga gefe, har ya zama kamar mai leƙe ta bakin kwalba. Ya yi ta daurewa. Wata rana a sito ya juya da injin ɗaga kaya bai ga mutum a gefensa ba, Allah ne ya kiyaye, kaya kawai suka zube. Mudirinsu, wato shugaban wurin, mutumin kirki ne, bai ci masa mutunci ba. Ya ce masa aiki kam halas, ya ƙare, amma zai bar iƙamarsa, takardar izinin zama, a kan sunansu har wa'adinta ya cika, ya samu ya shirya kansa. Takardun matarsa da na 'yan matansa biyu kuma duk a jikin tasa suke rataye. Tun daga ranar yake karɓar kula da asuba ya hau babur ya bi lungunan Ruwais da ya sani kamar carbinsa, ya je wani ƙaramin masallaci ta wajen teku ya zauna tare da ladan. A can yake cin abincin, a can yake jiran la'asar.

"Kullum sai in ce gobe zan faɗa. Goben ta yi yawa. Ni na kafa gidan nan, Mu'allim. Ba su taɓa ganin na zauna ba. Da wane baki zan ce wa Yasir ubansa ya ƙare?"

Tausayinsa ya kama ni har na rasa inda zan sa idona, sai na sa shi a kan tasar zait. Ya gyara zama ya rage murya.

"Ka goge shi. Ka sa sabon zait, ka ce masa datti ne. Ba abin da na taɓa roƙonka."

Na ce, "Gogewa zan goge, sabon zait zan sa. Amma kafin wata ya ƙare zai dawo, don abin da yake kawo shi yana nan. Kuma ba zan ce datti ne ba. Ba zan faɗa masa ba, ba zan kuma yi masa ƙarya ba. Sai dai ka sani, Malam, Yasir ba yaro ba ne, sana'arsa ma waya ce. Yau na toshe masa ƙofar gaskit, gobe zai nemo ɗayar. Ranar da ya gano, a waya zai karanta labarin ubansa, ba daga bakinka zai ji ba. Ga wa'adin iƙama yana tafiya, shi kaɗai ne zai iya yi muku zirga-zirgar takardu. Ga yara suna gudu a lungunan Ruwais, kai kuma ba ka ganin gefe."

Ya fusata, ya buga murfin a kan gwiwarsa. "Kai makanike ne ko limami?"

"Makanike ne. Shi ya sa zan gaya maka maganin babur ɗinka. Tafiya mai nisa yake so, ya yi zafi har ya ƙone abin da ya tara. Dole wani ya kai shi. Kai ba za ka iya ba. Wa zai kai shi?"

Bai tashi ba. Na ci gaba da aikina yana zaune. Na wanke murfin da fetur, na busa tiyon numfashin injin, na kankare filogi, na zuba sabon zait. Ban taɓa yin canjin zait da ya yi mini tsawo kamar wannan ba. Da aka kira la'asar muka taka zuwa masallaci, na jera da shi ta gefen titi ina barin kafaɗata tana taɓa tasa. Bai janye ba.

Mun dawo muka tarar da Yasir a bakin warsha, fuskarsa ba walwala. Ya gaida mahaifinsa, ni ya gaishe ni a taƙaice. Malam Tijjani ya nemi makulli na sa masa a hannu. Ya juya shi ya sake juyawa. Ni dai na koma gefe ina jera sifanun da suke a jere, don ban san ta inda zai ɓullo ba.

"Yasir."

"Na'am, Abuya."

"Mu'allim ya ce dabbab ɗin nan tafiya yake so. Karɓi. Kai za ka ja, ni zan zauna a baya."

Yasir ya yi 'yar dariya yana kallona, don tun da yake bai taɓa ganin ubansa a bayan kowa ba. Da ya ga ba wanda ya taya shi dariyar sai ya daina.

"Ina za mu?"

"Sina'iyya. Akwai maganar da zan yi maka a ƙofar sito. Yalla. Ka riƙe hannun dama, kada ka yi gudu."

Na ɗauko hular kwanona na ba Yasir. Dattijon ya laluba ya sami wurin sa ƙafa, ya hau, ya daɗe hannuwansa suna kan gwiwoyinsa kafin ya ɗora su a kafaɗun ɗansa. Na bi su da kallo har suka sha kwana. Akwai babura a gabana suna jiran gyara, ranar ban taɓa ko ɗaya ba.

Ana shirin kiran magariba na ji ƙararsa tun daga nesa, muryar injin ta washe. Suka tsaya, Yasir ya kashe, ƙarfe yana ƙas-ƙas saboda zafi. Ya cire hula, idanunsa jawur. Iskar hanya tana yin haka, ban bincika ba. Ya sauka ya kama gwiwar hannun mahaifinsa ya saukar da shi, ya share masa tiyon iska daga hanya da ƙafa, ya zaunar da shi a kujera. Sannan ya karɓi tsumma a hannuna ya kwance murfin zait da kansa, ya duba, ba komai a ciki sai ƙyallin mai. Ya mayar ya ɗaure. Ya zo gabana ya tsaya, ya yi magana a hankali yana zaɓen kalmomi, Hausa zalla, wadda ban taɓa jin irinta a bakinsa ba.

"Baba Sani, na gode da ba ka gaya mini ba."

To kun ji, ku masu cewa sana'ar sifana ce da waya. Sanin kindirmo aikin yini ɗaya ne, zan koya wa duk wanda ya zo da tsumma a hannu. Ɗayan kuwa, wato sanin maganar da za ka riƙe, ni ma a kan tasar Mu'allim Bakur na tsufa kafin in gane shi.

Yadda suka yi da takardu ba hurumina ba ne. Na dai san an sha zirga-zirga, Yasir ya rame a watannin nan, amma lokaci bai ƙure musu ba, gidan yana nan a Ruwais. Ido kam likita ya ce da an zo da wuri da an ceci da yawa. Abin da ya rage kaɗan ne, shi ma bai daɗe ba. Yanzu Yasir ne yake hawan babur ɗin zuwa shago, wanda tafiya ce ta kusa, don haka duk ranar hutu sai ya ɗauki mahaifinsa su miƙa hanyar bakin teku har inda gidaje suka ƙare su dawo. Dattijon ya ce iskar ta fi masa maganin asibiti.

Da sanyi ya sake zagayowa suka zo canjin zait tare. Yasir ya riƙo shi har kujera. Kafin in ɗauko tasa ya miƙo hannu ya ce in ba shi murfin. Na kwance na sa masa. Ya zagaya yatsa a ciki, ya murza, ya kai hanci, yadda ya sha jin ina yi shekara da shekaru. Bai ƙara kai yatsan wajen ido ba.

"Ya bushe, Mu'allim?"

"Ya bushe, Malam."

Ya gyaɗa kai. Ya laluba aljihun jallabiyarsa ya fito da ƙunshin agashe, ya miƙa shi ɗan gefe da inda nake tsaye. Na matsa na karɓa.